Hoton Taj Mahal na bangon ofis: yadda wani ɗalibi ya kusa shekara yana bin sa

## Asalin lamarin

Yaron ɗan Kano ne, yana karatun haɗa magunguna a wata jami'a a Greater Noida kusa da Delhi, kuma shi ba mai hoto ba ne, waya ce kawai a hannunsa kamar kowa. Kawunsa na da ofishin yankan tikitin jirgi da neman biza, yawancin masu zuwa wajensa Indiya suke tafiya, ko asibiti ko karatu, to da ya yi wa ofishin sabon fenti sai ya ce yana son babban hoton Taj Mahal a bangon da ke kallon ƙofa, kuma ba ya son irin na intanet da kowa ke saukewa, so yake in baƙo ya tambaya ya ce ai ɗan ƙanwata ne ya ɗauko da hannunsa. Ni sana'ata buga hoto, ni aka ba aikin bugawa, shi ya sa duk abin da yaron ya ɗauka sai da ya biyo ta kwamfutata, na banza da na kirki.

Abu uku kawun ya nema. Na farko ginin daga gaba, faɗin santimita 120 tsayin 80. Na biyu rubutun Alƙur'anin da ke jikin babbar ƙofar shiga, wannan na falonsa ne a gida. Na uku ginin a farin wata, don ya taɓa gani a jikin wata kalanda abin ya zauna masa a rai.

Taj Mahal dai kabari ne, Sarki Shah Jahan ya sa aka fara gina shi a 1632 saboda matarsa Mumtaz Mahal da ta rasu a 1631, aka gama duka harabar wajen 1653, a garin Agra bakin kogin Yamuna. Tsayinsa kusan mita 73, farin mabul ne da aka ɗauko daga Makrana a Rajasthan, da hasumiya huɗu a kusurwoyi. Abin da ya fi shafar mai hoto shi ne yadda aka shimfiɗa wurin: babbar ƙofa na kudu, tsakaninta da ginin lambu ne mai tsawon kusan mita 300 da dogon ruwa a tsakiya, kogi na baya ta arewa, masallacin jan dutse na yamma, sai wani gini sak irin masallacin a gabas da aka yi don daidaito. Wato in ka tsaya a ƙofa kana kallon ginin, ta hannun damanka rana za ta fito. Daga Greater Noida kuma titin Yamuna Expressway ne kai tsaye, kilomita 165, shi ya sa yaron ya ɗauka aikin yini ɗaya ne, a je a dawo.

## Farkon Nuwamba: da waya, da tsakar rana

Wata Lahadi suka haɗa kuɗi da abokansa suka ɗauki shatar mota, suka bar makaranta ƙarfe 8 na safe, kafin a yi fakin a hau motar batir da ke ƙarasawa da mutane bakin ƙofa a bi layin bincike, 11 da rabi ta yi. A lokacin tikitin baƙo rufi 1,100 ne na kuɗin Indiya, da ƙarin 200 in za ka hau zuwa ainihin kabarin, kuma awa uku tikitin ke ba ka.

A daren ya turo min hotuna ta WhatsApp. Na buɗe na ga faɗinsu ɗigo 1,600 ne, wato ƴan ɗigon da ke haɗuwa su yi hoto, don manhajar matse hoto take in ba a matsayin fayil aka tura ba, in ka raba 1,600 a kan santimita 120 ɗigo 13 ke nan a kowace santimita, daga nesa ma za a ga ya fashe. Na ce masa ƙanena sake turowa a fayil, ya sake, suka zo 4,000 a 3,000, wannan da za a iya lallaɓawa. Sai dai abin da ke cikin hoton ne matsalar.

Sama ba shuɗi ko kaɗan, fari-fari ce mai datti, ginin ma launin toka, har da ƙyar kake gane inda ƙubba ta ƙare sama ta fara. A wannan lokacin na shekara manoman Punjab da Haryana ke ƙona karan shinkafa, ga hayaƙin wasan wutar bikin Diwali bai gama washewa ba, ga iska a tsaye, duk arewacin Indiya haka yake, duk wanda ya san hazon hunturu a Kano ranar da ko dutsen Dala ba a hangowa ya fahimci abin, sai dai nasu da ƙaurin hayaƙi. Na biyu, da yake jama'a sun cika bakin ruwa sai ya matsa kusa da ginin don ya tsere musu, ya ɗaga wayar sama don ƙubba ta shiga, sai hasumiyoyin suka karkato ciki kamar ginin zai faɗi baya. Na uku mutane, ko a hoton da ya fi kyau kashi ɗaya cikin uku na ƙasan hoton kawuna ne da wayoyi a ɗage. A cikin kabarin kuwa an hana ɗaukar hoto gaba ɗaya, can bai ɗauki komai ba.

## Disamba: gyaran manhaja da sayen kamara

Sati biyu ya yi yana fama da hoto ɗaya a waya. Ya sauya sama da wata shuɗiya, ya sa manhaja ta goge mutane, ya ƙara fari. A allon waya abin ya yi kyau har kawun ya ce a buga. Na ce a bari na gwada, na yanko gefen ƙubba da hasumiya ɗaya na buga a takarda mai faɗin santimita 30 a girman da zai fito a bango. Wani farin zare ya zagaye tsinin ƙubbar inda sabuwar sama ta haɗu da tsohuwa, inda aka goge mutane itatuwan gefen ruwa sun narke sun zama kore kawai ba ganye, kuma hasken ginin na ranar hazo ne marar inuwa alhali saman ta ranar garau ce, ido na ganin ba su tafi tare ba ko mutum bai san dalili ba. Kawun da ya ga takardar ya ce a dakata.

Daga nan yaron ya yanke cewa wayar ce ba ta isa ba. Ya shiga kasuwar kamara ta Chandni Chowk a tsohon Delhi ya sayi ta hannu, mai ɗaukar 6,000 a 4,000, da gilashinta mai zuƙowa daga 18 zuwa 55, ya haɗa da sandar nan mai ƙafa uku da ake ɗora kamara a kai. Kuɗin ya taɓa masa guzuri sosai.

## Tsakiyar Janairu: sammako

Wannan karon ya ji cewa da asuba ake zuwa, ana buɗe ƙofa rabin awa kafin fitowar rana, a Janairu rana na fitowa bayan 7 kaɗan. Ya ɗauki mota ƙarfe 3 na dare. A titin hazo ya rufe, irin farin hazon sanyi mai laima da ke sauka a yankin daga Disamba zuwa Janairu, direban ya ƙi gudu kuma ya yi daidai don titin ya yi suna wajen karon motoci a irin wannan yanayi, sai 8 saura suka shiga Agra. A wajen bincike aka ce mai ƙafa uku ba ta shiga, doka ce ta wurin, ita da jirgin hoto marar matuƙi, ya koma ya ajiye a ɗakin ajiya ya sake bin layi.

Da ya shiga babbar ƙofa ba gini. A hotunan ƙarfe 8 da rabi dogon ruwan ne kawai ya tafi ya ɓace cikin fari. Wajen 10 ƙubba ta fara fitowa, 11 ginin ya bayyana, lokacin jama'a sun cika kuma awa ukunsa ta ƙare. Kamarar a kan otomatik ya bar ta, duk hotunan suka fito da duhu-duhu, mabul ɗin kamar siminti. Dalili kuwa ma'aunin hasken kamara yana ɗauka cewa duk abin da ke gabansa matsakaicin launi ne, in ka cika masa ido da fari sai ya rage haske har farin ya koma toka, waya ma haka take yi, sabuwar kamarar ba ta canja wannan ba.

## Fabrairu: gwaji a Delhi

Bai koma Agra ba a watan. Na ba shi shawara ya nemi gini mai kama a kusa ya koyi kamarar, ya zaɓi kabarin Sarki Humayun da ke unguwar Nizamuddin a Delhi, wanda ya girmi Taj da shekara sittin da wani abu, shi ma a tsakiyar lambu yake da farar ƙubba, sai dai jikinsa jan dutse ne. Asabar da safe yake zuwa ya turo min da yamma mu duba tare.

A can ya gane abu uku da hannunsa. In ya cika hoton da farar ƙubba sai ya ƙara haske da maɓallin ƙari da ragi, tsakanin +0.7 da +1, fari ya dawo fari. In kuma ya tsaya a cikin duhun ƙofa yana ɗaukar ginin ta cikin bakanta, abin juyewa yake, duhun gefe ya ruɗi kamara ta buɗe da yawa ginin ya ƙone, nan ragewa ake yi zuwa -1 ko fiye. Sai maganar karkata: da ya ja baya sosai ya zuƙo da 55 maimakon ya matsa kusa da 18, kamarar kusan a miƙe take ba sai ya ɗaga bakinta ba, bango ya tsaya cak. Ya kuma koma ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kamara ba ta sarrafa ba, ya saba da riƙe kamara gwiwar hannu a manne da ƙirji tunda ya san ba sanda.

## Farkon Maris: kwana biyu a Agra

Ya zaɓi tsakiyar mako, don Juma'a a rufe wurin yake ga masu yawon buɗe ido sai masu sallar Juma'a a masallacin, Asabar da Lahadi kuma ya riga ya gani. Ya kama ɗaki a Taj Ganj, tsohuwar unguwar da ke manne da harabar ta kudu, daga nan da ƙafa ake zuwa. Tikitin safe ya saya ta intanet tun dare. Bai ɗauki jaka ba, kamara a wuya, fasfo da waya a aljihu, saboda masu jaka ne ke daɗewa a wajen bincike. Ƙarfe 5 da rabi yana layin ƙofar gabas, mutanen gabansa ba su da yawa.

Ana buɗewa bai tsaya ɗaukar komai a hanya ba, ya wuce ta babbar ƙofa ya tsaya a kan dandamalin da ke bakin lambu, daidai tsakiya, ya sa 55. Daga mita 300 wannan gilashin na ɗauke faɗin kusan mita 120, dandamalin ginin da hasumiyoyinsa kuma wajen mita 95 ne, ya shiga daidai da ɗan sarari hagu da dama. Rana ba ta fito ba, haske kaɗan ne, ya kai ISO, wato ƙarfin jin haske na kamara, zuwa 800 don saurin ɗauka kar ya gaza 1/100 na daƙiƙa. Waɗannan sun fito shuɗi-shuɗi, lambu wayam, masu kyau ne amma ginin a kwance yake ba inuwa. Ya ƙarasa dandamalin mabul na tsakiyar lambu ya durƙusa ya ɗauki inuwar ginin a ruwa tun iska ba ta motsa shi ba, sannan ya dawo inda ya fara ya jira.

Wajen 7 saura rana ta ɗago ta dama. Hasken ya shafo gefen ƙubba da gefen kowace hasumiya na gabas, ɗaya gefen ya rage a inuwa, sai ƙubbar ta fito da zagayenta, manyan bakunan ƙofofi suka yi zurfi, mabul ɗin ya ɗauki ruwan zuma. Ya sauke ISO zuwa 200, buɗewar gilashi f/8, ƙarin haske +0.7. Mutane sun fara shigowa amma daga wannan nisan ƙanana ne a can ƙasa, ya riƙa jira sai hanyar tsakiya ta ɗan yi sarari ya danna. Abin bai wuce minti ashirin ba, zuwa 7 da rabi hasken ya koma fari.

Daga nan ya zaga gabas wajen ginin nan mai kama da masallaci, inda fuskar gabas ke shan rana gaba ɗaya kuma ba kowa ke zuwa ba, ya samu wasu masu kyau ta cikin baka da -1. Rubutun ƙofa sai da zai fita ya ɗauka, wajen 8 da rabi, a fuskar ƙofar ta waje. Suratul Fajri ce a zagaye da bakan, baƙin dutse aka dasa cikin farin mabul, aikin gwanin rubutu Amanat Khan, kuma ya ƙara wa haruffan sama girma don mai tsaye a ƙasa ya gan su daidai da na ƙasa. Yaron ya ja baya iya filin ya zuƙo, ya ɗauki duka bakan, sannan ya bi rubutun har ya samu ƙarshen surar, daga ya ayyatuhan nafsul muɗma'inna, ya ɗauke shi shi kaɗai. Da na buɗe wannan a babban allo har layin da dutse ya haɗu da dutse ana gani.

## Daren ranar: farin wata

Ana barin shiga da dare kwana biyar a wata, daren cikar wata da biyu kafinsa da biyu bayansa, ban da Juma'a ban da watan azumi, rukuni-rukuni na mutum 50, kowane rukuni minti 30, tikitinsa daban ne kuma a lokacin tun ana gobe ake saya. Dalilin kwana biyun ke nan. Ba a ƙarasawa kusa, a dandamalin bakin babbar ƙofa ake tsayar da mutane, kuma ba a haska ginin da fitila, watan ne kawai.

Ya ce da ido abin ba a magana. Kamara kuwa a ISO 6,400 da gilashin a buɗe iyakarsa tana neman daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, ba hannun da zai tsaya haka. Ya gwada dafa ta a gwiwa, ya gwada riƙe numfashi, duk sun girgiza, wanda ya rage lokacin kuma ya fito baƙi, da na ɗago haskensa sai yashi-yashi kore da ja. Ko ɗaya bai kai girman katin gaisuwa ba.

## Afrilu: bugawa

Hoton gaba da na rubutu na buga. Ɗigo 6,000 a kan santimita 120 ya ba da 50 a kowace santimita, kuma 6,000 a 4,000 ya yi daidai da 120 a 80 ba yanka. Gyaran kaɗan ne, na ɗan rage ruwan ɗorawa na miƙe ƴar karkatar da ta rage. A nan akwai abin lura, yaron a nasa gwajin da hasumiya ya auna miƙewa sai ginin tsakiya ya fito a karkace, alhali hasumiyoyin tun asali an ɗan karkatar da su waje da gangan don in sun faɗi kar su faɗa wa kabarin, kuma suna sirancewa ta sama. Da bangon ginin tsakiya na auna.

## Tsakiyar Satumba: ta bayan kogi

Saura na uku. Kawun ya haƙura da farin wata ya ce a samo wani abin daban. Yaron ya jira ƙarshen damina, lokacin ruwan sama ya wanke iska kogin ma ya cika, ya je Mehtab Bagh, lambun da ke tsallaken Yamuna daidai saitin Taj ta arewa, tikitinsa bai kai rabin na can ba kuma ba cunkoso. Lokacin ma da dalili, fuskar arewa ba ta samun rana kai tsaye sai tsakanin ƙarshen Maris da ƙarshen Satumba, da sassafe ko daf da magariba, a hunturu yini take a inuwa. Yammacin farko hadari ya rufe. Na biyu wajen 6 rana ta ɓullo ta ƙarƙashin gajimare ta dama, ginin ya yi ja-ja, masallaci da takwaransa suka fito gefe da gefe, bayansu hadari baƙi. Wannan ma 120 a 80 na buga, yanzu yana bangon da ke bayan teburin kawun.

## Yadda nake ganin lamarin

Abin da ya fi komai gyara aikin nan kwanan Agra ne da zaɓen watan zuwa, kuma su ne mafi arha a cikin duk abin da ya kashe wa kuɗi. Zuwan Nuwamba da na Janairu tun kafin ya bar ɗakinsa sun lalace, ɗaya hayaƙi ɗaya hazo, ko wace kamara ya riƙe abin da zai samo ke nan, kuma duk wanda zai taso daga Delhi ko Noida da safe ya riga ya rasa minti ashirin ɗin nan da ake nema. Sai watan da ya yi a kabarin Humayun, wanda a lokacin kawun ke ganin ɓata lokaci ne, amma ba don shi ba da ya tsaya a wurin da ya dace a lokacin da ya dace yana laluben maɓalli.

Kamarar ta yi amfani, ba zan ce ba ta yi ba, sai dai amfaninta biyu ne kawai, yawan ɗigon da bugu mai faɗin santimita 120 ke buƙata da zuƙowar 55 daga nesa. Da a waya ko a Facebook za a kalli hoton, wayarsa a safiyar Maris ta wadatar. Mai ƙafa uku asara ce tsantsa, karanta dokokin shiga na minti biyar da ya hana ta. Sauya sama da goge mutane kuwa har yanzu ina ƙin sa a aikin bango, takarda ba ta rufa wa irin wannan asiri, kuma kawun da ke son ya ce ɗana ne ya ɗauka da rabin hoton ba ɗansa ne ya ɗauka ba.

Na farin wata ban ɗora wa yaron laifi ba. Da dokar hana sanda, da nisan mita 300, da gilashin da ba ya buɗewa sosai, ban ga yadda zai yi ba, kuma ko ya sake komawa da kayan da ke hannunsa haka za a sake yi. Wanda ya nace sai wannan hoton, gilashi mai buɗewa zuwa f/1.8 zai nema da kamara mai hana girgiza a cikinta, ya kuma sayi tikitin rukunin da wata ya riga ya yi sama, duk da haka ni ba zan yi masa alkawarin bugu ya wuce santimita 40 ba.